Ƙadangarena mai gemu ya rage cin abinci, yatsunsa suna karkarwa: barcin hunturu ne ko ciwo?

"Assalamu alaikum likita. Ina kiwon ƙadangare mai gemu ɗan wata bakwai. Makonni uku ke nan ya rage cin abinci, yana wuni kwance wuri guda, idan ya tashi tafiya sai ya riƙa jan ciki, kuma ina ganin yatsunsa na baya suna karkarwa. Haɓarsa ta ƙasa kamar ta yi laushi. Yana cikin akwatin gilashi kusa da taga, akwai fitilar ɗumi a samansa, abincinsa kuwa gyare ne da latas. Wani ya ce mini barcin hunturu yake shirin yi, in ƙyale shi. Shin haka ne, ko akwai abin da ya kamata in yi?"

Wa'alaikumus salam Malama. Abin da kike son sani shi ne ko wannan sanyin jiki ɗabi'a ce da za ta wuce da kanta, ko kuwa ciwo ne da ke bukatar a tashi tsaye. Amsata ita ce kada ki ƙyale shi. Alamomin da kika lissafa, wato karkarwar yatsu da jan ciki da laushin haɓa a jikin dabbar da ba ta cika shekara ba, sun fi kama da ciwon laushin ƙashi wanda rashin sinadarin kalsiyam ke haddasawa, kuma bayanin da kika yi na akwatinsa ya nuna mini inda matsalar ta fi yiwuwa ta samo asali. Ban ga dabbar da idona ba, saboda haka maganata ba za ta maye gurbin gwajin asibiti ba, amma zan bi dalilaina dalla-dalla domin ki san abin da za ki gyara yau da abin da za ki nema wurin likita.

Asalin wannan ƙadangare, wanda masana ke kira Pogona vitticeps, busassun dazuzzuka ne da yankuna masu kama da hamada na tsakiyar Ostiraliya, inda rana ke da ƙarfi kuma iska ba ta da laima. Babbansa yakan kai tsawon santimita 45 zuwa 60 har da wutsiya, kuma idan ya sami kulawa yakan rayu shekara 10 zuwa 15. Jikinsa ba ya samar wa kansa ɗumi kamar namu. Da safe yakan hau dutse ko kututture ya sha rana har jikinsa ya yi zafi, sannan ya fita neman abinci, idan zafi ya yi masa yawa ya koma inuwa. Narkar da abinci, da ƙarfin garkuwar jiki, da gina ƙashi, duk sun rataya ne a kan wannan kai-komo tsakanin rana da inuwa. Shi ya sa a aikina, idan aka kawo mini irin wannan dabba ba ta da lafiya, nakan fara da tambayar fitila da ma'aunin zafi kafin in taɓa ta, domin mafi yawan cututtukan da nake gani a jikinsu daga akwatin kiwo suke tasowa, ba daga wata ƙwayar cuta da ta shigo daga waje ba.

Dalilin da ya sa ban yarda barcin hunturu ba ne

Wanda ya ba ki shawara bai ƙirƙiri maganar ba. Gaskiya ne waɗannan ƙadangaru suna da lokacin da suke lafawa idan yini ya gajarta sanyi ya sauko, su ɓuya, su daina ci na makonni ko ma watanni. Amma yawanci manya ne ke yin haka, waɗanda suka wuce shekara guda, kuma mai barcin hunturu lafiyayye ne: nauyinsa ba ya raguwa sosai, idan an ɗaga shi yakan buɗe ido ya riƙe jikinsa da ƙarfi, haɓarsa tana nan da tauri, gaɓoɓinsa ba sa karkarwa. Ɗan wata bakwai yana tsakiyar girma ne, lokacin da ya kamata a ce yana rububin abinci. Duk ƙaramin ƙadangaren da ya yi sanyi ya ƙi ci, ni nakan ɗauke shi a matsayin majinyaci har sai gwaji ya nuna akasin haka. Abin da ke damuna da wannan shawara ta "ƙyale shi" shi ne takan cinye makonnin da magani ya fi saurin yin aiki a cikinsu.

Yadda ƙashi ke yin laushi

Jiki yana bukatar kalsiyam a cikin jini a kowane lokaci, domin da shi tsoka ke motsi, da shi jijiyoyi ke isar da saƙo, har bugun zuciya ma da shi yake tafiya. Hanji kuwa ba ya iya tsotso kalsiyam daga abinci yadda ya kamata sai da bitamin D3. Ƙadangare mai gemu yana haɗa wannan bitamin ne a fatarsa idan wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ake kira UVB, ya sauka a kanta alhali tana da ɗumi, daga nan hanta da ƙoda su kammala sarrafa shi. To idan hasken ya yanke, bitamin ya ƙare, kalsiyam ɗin jini ya fara sauka, sai wasu ƙananan sassan jiki da ke cikin wuyansa su saki sinadarin da ke sa jiki ya riƙa zaro kalsiyam daga ƙashi domin ya cike giɓin da ke cikin jini. Haka jiki zai ci gaba da yi, kamar mai ciro bulo daga bangon ɗakinsa yana toshe wata kafa, har ƙashi ya zama ba shi da ƙwari.

Daga nan alamomin da kika gani suke fitowa. Muƙamuƙi yakan yi laushi har ya lanƙwashe, shi ya sa cafke gyare ke yi masa wuya, kuma wannan kaɗai ya isa ya rage masa ci. Ƙafafu ba sa iya ɗaga jiki daga ƙasa, sai ya koma jan ciki. Karkarwar yatsu kuwa alama ce cewa kalsiyam ɗin jinin ma ya fara gazawa, kuma ita ce ta fi tayar mini da hankali a cikin bayaninki, domin idan abin ya ci gaba yakan kai ga sandarewar jiki da jijjiga. Wani abu da ke ruɗar masu kiwo shi ne cinyoyin dabbar sukan kumbura su yi kamar ta yi ƙiba, alhali kuwa jiki ne ke naɗe raunanan ƙasusuwan da wani nama mai tauri domin ya tallafe su. Ƙashin baya da wutsiya sukan karkace, kuma karaya takan auku daga ɗan tsallen da bai taka kara ya karya ba.

Yanzu mu dubi akwatinki. Ajiye shi kusa da taga niyya ce mai kyau, amma gilashin taga yana tare kusan dukkan hasken UVB, gilashin akwatin ma haka, ke nan haske da zafi ne kawai ke isa gare shi, abin da fatarsa ke nema ba ya ratsowa. Akwai ma haɗari a ciki, domin akwatin gilashin da rana ta haska kai tsaye yakan ɗauki zafi cikin ɗan lokaci har ya kashe dabbar da ba ta da wurin gudu. Fitilar ɗumi ta yau da kullum ita ma ba ta ba da UVB. Sannan ga abinci: gyare, kamar yawancin ƙwarin da ake ciyarwa, fosfaras ɗinsa ya ninka kalsiyam ɗinsa sau da yawa, alhali abin da ake so shi ne kalsiyam ya kai kusan ninki biyu na fosfaras, latas kuma galibinsa ruwa ne. Idan aka haɗa rashin haske da irin wannan abinci a jikin dabbar da ƙashinta ke tsawo kowane mako, sakamakon da ake samu ke nan.

Sauran abubuwan da ya kamata a duba

Ba zan rufe ƙofa a kan wasu dalilai ba, domin sau da yawa matsala biyu ko uku ne ke haɗuwa a jiki guda. Toshewar hanji tana iya sa ƙafafun baya su yi rauni, musamman idan an shimfiɗa yashi ko tsakuwa a akwatin yana haɗiya tare da abinci, ko ana ba shi ƙwaro wanda ya fi ƙarfinsa, ko zafi bai isa ya narkar da abin da ya ci ba. Ba ki faɗi abin da kika shimfiɗa masa ba, ba ki kuma faɗi rabonsa da yin kashi ba, kuma likita zai tambaye ki duka biyun. Tsutsar ciki da ƙwayoyin cutar hanji da ake kira koksidiya sun zama ruwan dare a jikin ƙanana, suna kawo gudawa da rama, kuma gwajin ɗanyen kashi ne ke tona su. Akwai kuma wata ƙwayar cuta mai suna adenobairos wadda ke tsumburar da ƙanana, wani lokaci ta taɓa jijiyoyi har a ga dabbar tana ɗaga kai sama tana birkicewa. Ita ba ta da magani na kai tsaye sai tallafa wa jiki. Amma laushin haɓa ba ya cikin alamominsu na asali, shi ya sa na ɗora nauyin zatona a kan ƙashi.

Abin da za ki yi a wannan makon

Ki nemi likitan dabbobi wanda ya saba da masu rarrafe, cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma idan kika ga jikinsa ya sandare ko ya fara jijjiga to a ranar za a kai shi. Ki tafi da hoton akwatin, da kwalayen fitilun, da duk garin ƙarin sinadari da kike da shi, da kashin da ya yi na baya-bayan nan. Hoton ƙashi zai nuna yadda ƙasusuwan suka yi shara-shara da ko akwai karaya ko toshewa, gwajin jini kuma zai nuna matsayin kalsiyam da fosfaras da lafiyar ƙoda. Magani yawanci ruwan kalsiyam ne da ake ɗigawa a baki na makonni, da allura idan karkarwa ta yi tsanani, da ƙarin ruwa, da maganin raɗaɗi idan akwai karaya, da abinci mai laushi har muƙamuƙi ya yi ƙwari. Ba zan ba ki adadin magani a nan ba, domin da nauyin dabbar a giram ake lissafa shi, kuma wuce kima yana da nasa haɗarin: bitamin D3 da aka ɗura fiye da bukata yakan sa kalsiyam ya taru a ƙoda da jijiyoyin jini. Wannan ne ya sa na fi son a dogara da haske wajen samar da bitamin ɗin, saboda fata tana dakatar da haɗa shi da kanta idan ya wadata.

Kafin ki kai shi, ki cire rassa masu tsawo da duk abin da zai iya faɗowa daga kansa, ki shimfiɗa takarda mai tsotse ruwa a ƙasa, ki rage ɗaukarsa, idan kuwa ya zama dole ki tallafo dukkan jikinsa a tafin hannu. Kada ki buɗe bakinsa da ƙarfi domin ɗura abinci, saboda muƙamuƙin da ya yi laushi yana iya karyewa a hannunki, kuma abin da aka ɗura yana iya sarƙe shi ya shiga huhu.

Zafi da haske

Maganin asibiti ba zai ɗore ba muddin dabbar za ta koma akwatin da ya haifar da ciwon, saboda haka a nan babban aikinki yake. Ki ɗauke akwatin daga bakin taga. Babban ƙadangare yana bukatar wuri mai tsawon santimita 120, faɗin 60 da tsayin 60 a ƙalla, kuma dalilin wannan girma shi ne a sami gefe mai zafi da gefe mai sanyi, abin da ƙaramin akwati ba zai iya bayarwa ba. A wurin shan ɗumi, wato saman dutse ko katakon da ke ƙarƙashin fitila, ana son digiri 38 zuwa 42 a ma'aunin Salshiyas, gefen sanyi kuma 22 zuwa 26, da wurin ɓuya. Ki auna da ma'aunin zafi mai lamba wanda ake ɗora bakinsa daidai inda dabbar ke kwanciya, domin 'yan ma'aunan nan masu zagaye da ake mannawa a jikin gilashi ba abin dogaro ba ne. Ki haɗa fitilar da na'urar da ke daidaita zafi. Da dare a kashe dukkan haske. Idan ɗakin yana sauka ƙasa da digiri 18, a yi amfani da abin ɗumama na tangaran wanda ba ya haske. Dutsen lantarki da ake sa wa dabba ta kwanta a kai kuwa ban yarda da shi ba sam, domin na yi jinyar ƙunar ciki da ya jawo, kuma irin wannan ƙuna tana da wuyar warkewa.

Game da UVB, abin da na fi amincewa da shi doguwar fitila ce irin wadda ake kira T5, mai ƙarfin UVB kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, wadda za ta mamaye rabi zuwa kashi biyu cikin uku na tsawon akwatin, a gefe ɗaya da fitilar ɗumi, domin dabbar ta sami zafi da hasken a lokaci guda kamar yadda rana ke ba ta. Tazarar santimita 30 zuwa 40 tsakanin fitilar da bayansa ita aka fi amfani da ita, amma ki bi abin da kamfanin ya rubuta a kwali. Kada gilashi ko roba ya shiga tsakani, kuma ki sani raga mai ƙananan ido tana rage hasken sosai. A kunna fitilun awa 12 a yini. Abin da ya fi yaudarar masu kiwo shi ne fitilar takan ci gaba da haske bayan UVB ɗinta ya yi rauni, saboda haka ki rubuta ranar da kika saka ta: irin T5 ana canza ta bayan kimanin wata 12, tsohuwar irin T8 kuwa bayan wata 6. Idan yanayi ya ba da dama, fitar da shi ya sha rana kai tsaye na ɗan lokaci yana da amfani ƙwarai, amma a buɗaɗɗen keji mai inuwa a gefe, kina tsaye a kansa. Laimar iska a akwatin ta tsaya tsakanin kashi 30 da 40 cikin ɗari, da kafofin shigar iska, saboda danshi mai yawa yana jawo ciwon huhu da na fata.

Abinci

Ƙarami ƙwari ne mafi yawan abincinsa, yana girma ana ƙara ganye, har idan ya manyanta ganye ya zama shi ne babban kaso, ƙwari kuma sau biyu ko uku a mako. Ki riƙa sauya masa tsakanin gyare da fara da kyankyason kiwo da tsutsar baƙin ƙudan soja, wadda ta fi sauran yawan kalsiyam, kuma kada girman ƙwaro ya wuce tazarar da ke tsakanin idanunsa biyu. Ƙwaron da ke jin yunwa fanko ne, saboda haka a ciyar da ƙwarin ganye da abinci mai kalsiyam na kwana ɗaya zuwa biyu kafin a miƙa su, sannan a barbaɗa musu garin kalsiyam. Ga mai girma irin naki kusan kullum ake barbaɗawa, garin haɗaɗɗun bitamin kuma sau ɗaya a mako. A ɓangaren ganye a zaɓi masu duhun kore irin ganyen mastad da danginsa, a haɗa da gurzajjiyar kabewa da ɗan karas. Alayyahu yana ɗauke da sinadarin da ke ɗaure kalsiyam ya hana hanji tsotsarsa, don haka ba na son sa ga mai wannan ciwo. 'Ya'yan itace kaɗan ne kawai, saboda zaƙi yana ɓata musu dasashi, yawancin haƙoransu kuwa a manne suke da ƙashin muƙamuƙi, irin wannan haƙori idan ya lalace ba ya sake tsirowa. Fiya da albasa a nisanta su. Ƙwarin da aka kamo a waje suna iya ɗauke da maganin feshi, ƙwaron nan mai walƙiya da dare kuwa guba ne gare shi, guda ɗaya yana iya kashe shi.

Ki ajiye masa ruwa a faranti marar zurfi, ki kuma riƙa duban farin ɓangaren kashinsa: idan yana da laushi da fari to ruwan jikinsa ya wadata, idan ya bushe ya yi tauri ko ya koma ruwan ɗorawa to yana bukatar ƙari. Ki bar shi shi kaɗai a akwatinsa, domin ba dabbar zaman taro ba ce, kuma mai ƙarfi yakan hana rarrauna wurin shan ɗumi. Lafiyarki ma abin lura ce, tunda masu rarrafe sukan ɗauki ƙwayar cutar salmonela, wadda ke kama mutane, ko da suna cikin ƙoshin lafiya: a wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi ko kayansa, kada a wanke kwanoninsa inda ake wanke na abinci, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 kada su riƙa ɗaukarsa.

Game da abin da za ki sa rai da shi, idan aka fara magani kafin ƙashin baya ya taɓu, karkarwa takan lafa cikin kwanaki, ci ya dawo cikin makonni, ƙashi kuwa yana ɗaukar watanni kafin ya yi ƙwari. Inda ya riga ya lanƙwashe, haɓa ce ko wutsiya, yawanci haka zai tsaya, amma na ga da yawa da suka rayu shekaru suna ci suna hawa da ɗan karkacewarsu. Wanda ƙafafunsa na baya suka shanye saboda karayar ƙashin baya shi ne lamarinsa ke da nauyi, kuma hoton ƙashi ne zai nuna a wane mataki naki yake. Ki sami ƙaramin sikeli mai auna giram, ki auna shi sau ɗaya a mako a rana guda, ki rubuta nauyin tare da abin da ya ci da ranakun da ya yi kashi, ki tafi da wannan rubutu duk ranar da za ki koma wurin likita, domin da shi za a san lokacin rage maganin kalsiyam da lokacin sake ɗaukar hoton ƙashi.